BARGO MAI ZARE BIYU

Shafi na 17

Assalamu alaikum. Baiwar Allahn da ta rubuto min cewa ba ni da imani saboda halin da Zakiyya ke ciki, ki sani ba ni na sa ta ba, mutanen gidan ne. In zuciyarki ba ta ɗauka ki tsallake na yau, ban riƙe miki ido ba. Saura ku matso.

*

Da hantsi Adda Fatu ta ɗaga labulen ɗakin jego ta shigo, leda biyu a hannu, ko sallama babu.

Zakiyya na bakin katifa. Fitowarta ke nan daga wankan ruwan zafi, ganyen darbejiya na manne a wuyanta ba ta sani ba. Jaririyar na barci a cinyarta. Arba'in ta kusa. Da yake uwarta ta rasu tun tana ƙarama, a nan gidan iyayen mijinta Nu'uman da ke Ƙofar Ran take jegon, a ɗakin da ya haɗa bango da na Dada, uwar mijin.

"Adda, an tashi lafiya?"

"Ga ni kin gan ni."

Adda Fatu ita ce yayar Nu'uman, ita ce 'yar farin Dada. A Gembu take aure, can saman Mambila, shekara da shekaru ko ɓatan wata ba ta taɓa yi ba. Tun cikin Zakiyya bai tsufa ba ta sauko Bauchi, wai ganin gida, har yau ba ta koma ba.

Ta zazzage ledojin a kan tabarma. Ulu ne dunƙule-dunƙule, mai kauri, ruwan madara da ruwan toka.

"Bargo za ki saƙa min. Na jinjiri."

"To, Adda. Haihuwa aka yi?"

"Ke da saƙa aka san ki ko da ƙidayar masu haihuwa?"

Zakiyya ta kai hannu ta murza ulun tsakanin yatsunta.

"Mai kyau ne wannan. A kasuwar Wunti aka samo?"

"Inda aka samo an samo. Ungo waya, na tara hotuna, ki duba min wanda zai yi."

In akwai abu ɗaya da ke buɗe bakin Zakiyya a gidan nan, to saƙa ce. A kan komai sunkuyar da kai take. Amma a kawo zancen zare da kwarashi, sai ka ji ashe tana da murya. Ta karɓi wayar ta gyara zama.

"Wannan mai ɗaki-ɗaki ne, Adda. Guntu-guntu ake saƙawa sannan a haɗe. Yana da sauri, kuma launi biyun nan za su fito sosai."

"Wuce. Kamar rigar mahaukacin kasuwa."

"Wannan fa? Mai taga muke ce masa. Iska na shiga, jinjiri ba ya yin ƙurajen zafi."

"Rami ya fi zare yawa. Na ce miki kamun kifi za ni?"

Zakiyya ta ɗan yi murmushi, ta zaci wasa ne. Da ta dubi fuskar Adda sai ta haɗiye shi. Ta ja hoto na gaba.

"Ga tafiyar maciji. Layi ne ke hawa yana sauka, ana sonsa yanzu."

"Ki rasa abin da za ki lulluɓe ɗan mutum da shi sai maciji. A gidanku haka ake yi?"

"Suna ne kawai, Adda."

"Na ce wuce."

Ta wuce. Ta tsaya a kan wani cikakke, ba huda ko ɗaya.

"Wannan gidan zuma ne. A cike yake, ko tsinke ba ya wucewa. Sai dai yana cin zare, yana cin hannu, kuma a zafin garin nan jinjiri dahuwa zai yi a ciki."

"Shi nake so. Kuma zare biyu za ki haɗa."

"Zare biyu? Ai ko Jos za a kai, ɗaya ya isa."

"Inda za shi, Jos murhu ce."

Zakiyya ta ce to. Ta jawo kwarashinta daga ƙarƙashin filo, ta kama bakin zaren ta fara jan sarƙa don ta ga yadda ulun ke bi.

"Jinjirin babba ne ko sabon haihuwa? Don in san faɗin da zan ɗauka."

Adda Fatu ta nuna cinyarta da baki.

"Auna da wannan."

"Wannan ai ƙarama ce. Kuma ita tana da nata, na riga na saƙa mata tun..."

Ta datse maganar. Ta makara.

"Tun yaushe? Ƙarasa mana." Adda ta gyara zama tana dariya ƙasa-ƙasa. "Tun tana ciki? Haihuwar fari, kina ɓoye a ɗaki kina saƙa wa abin da ke cikinki kaya? Kai, 'yan yanzu ba ku da ta ido. Ina suke? Fito da su in gani."

Ba yadda ta iya. Ta miƙa hannu bayan akwati ta zaro su. Barguna ne ƙanana masu taga, marasa nauyi, an yi musu ado a gefe kamar ɓawon kifi. Adda ta ɗaga ɗaya da yatsa biyu, ta leƙa Zakiyya ta cikin hudar, ta wurgar gefe.

"Na zaman Bauchi ne. Wannan ba ya hawa dutse. Kafin a wuce garin Serti sanyi ya gama da ita."

Hannun Zakiyya ya tsaya a kan zaren.

"Da wa, Adda?"

Kafin a amsa mata wayar ta ɗauki ƙara a kan katifa. Adda ta duba, ta yi gyaran murya, ta jingina da bango kamar wadda ta kwana tana ciwo. Ta buɗe sifika don ta saba, kunnenta ɗaya ba ya ji sosai.

Muryar tsohuwa ce daga Gembu, uwar Hammajoda mijin Adda. Fillanci suke yi, amma Zakiyya na ji tsaf, a hannun kakarta mai rasuwa ta girma.

"Mai jego, ya ruwan zafi?"

"Da sauƙi, Inna," in ji Adda, murya a shaƙe.

"Ya ɗinkin? Kina dai cin naman da kunun kanwa ko?"

"Ina ci, Inna."

"Ruwan nonon ya zo sosai?"

"Har zuba yake yi."

"Madalla. Ina kishiyar tawa? Tun da aka haife ta hoto kawai nake gani, ban ji muryarta ba."

"Ga ta nan a jikina, barci take."

Adda ta matso, ta zura hannu cikin zanen jaririyar, ta kama fatar cinyarta ta murɗe.

Yarinyar ta zabura ta tsandara kuka.

Tsohuwa a waya ta yi ta dariya tana sa albarka. Ta ce muryar gidansu ce sak, muryar ubanta Hammajoda ce yana jinjiri. Ta ce an gyara ɗaki, an ware saniyar yarinya, arba'in kawai ake jira.

Adda ta kashe waya. Ta goge yatsunta a zaninta.

"Ina muka tsaya? Gidan zuma, zare biyu. Ki sa ruwan tokan a gefe."

Zakiyya ba ta san lokacin da ta rungume yarinyar a ƙirjinta ba. Wurin da aka murɗe ya yi ja.

"Adda, me na ji?"

"Abin da kunnenki ya jiye miki."

"Kin ce musu ke kika haihu?"

"Na ce musu ina da 'ya. Ƙarya na yi?"

"Wace 'yar?"

"Wadda kika ba ni."

"Ni? Yaushe?"

Adda ta ɗaga murya ba tare da ta waiwaya ba.

"Dada, zo ki ji. Surukarki ta fara mantuwa."

Sai ga takun sanda. Dada ta shigo, tsohuwa doguwa, siririya, carbi a hannu. Zakiyya ta zame daga katifa zuwa ƙasa, kai a sunkuye, yarinyar na ta shessheƙa a jikinta. Dada ta zauna a kujerar tsugunno, ta dubi ulun da ke zube, ta dubi Adda.

"Kin gaya mata ke nan."

"Ita ta jiyo."

"To, ya rage mana aiki." Ta juyo. "Ke 'yar nan, ranar suna kina ina?"

"Ina nan, Dada."

"Da waccan ta ɗauki yarinyar a tsakar gida, gaban mata, ta ce Zakiyya kin ba ni, me kika ce?"

Zakiyya ta tuna. Tsakar gida cike, ana ta guɗa, ita tana lulluɓe a ƙuryar rumfa, ana tsokanarta.

"Na ce... ai taku ce."

"Ƙarasa."

"Na ce ai taku ce, Adda, ni mene ne nawa a ciki."

"Wani ya matsa miki baki?"

"Dada, ai haka ake cewa. Kowace mai haihuwar fari haka take cewa. In na ce a'a tawa ce, ai sai a yi waƙa da ni a unguwa."

"Ashe ke maganarki biyu ce, ta baki daban ta ciki daban."

"Kunya ce, Dada."

"Mu a gidan nan abin da mutum ya faɗa shi muke kamawa. Mata cike da gida sun ji. An yi guɗa a kai. An shafa fatiha."

Ni dai na faɗa muku tun shafukan baya, maganar nan da mata ke yi don kara, wata rana sai ta ci wata. Ga shi ta ci.

Zakiyya ta ɗago kai kaɗan, abin da ba ta taɓa yi ba a gaban tsohuwar.

"Dada, nono take sha."

"An sayi madarar gwangwani da bulunboti," in ji Adda. "Suna cikin akwatina tun ba ki haihu ba."

"Tun ban haihu ba?"

"Kin zaci ganin kyawunki ya sauko da ni daga Mambila? Na zauna a zafin nan ina ɗaura tsumma a ciki duk sanda za a kira ni a bidiyo, don me? Da namiji kika haifa ma da ya fi min, amma ba komai, na karɓa."

Dada ta ja carbi ɗaya.

"Ki bar kuka, ba a kanki aka fara ba. Waccan da kike gani," ta nuna Adda da sanda, don har yau ba ta kiran sunanta, "ni na haife ta, amma ban san ranar da ta fara sallah ba. Goggonta ta zo ta ɗauka, ina daka, ban ko ɗago ba. Na mutu?"

"An yaye ta ai, Dada. Kuma ta san ke ce uwarta. Ba a canza mata uba ba."

Adda ta dubi Dada.

"Kin ji ko? Wa'azi za ta yi miki."

"Na ji. Kira min mai gidanta."

Ba a je da nisa ba. Nu'uman na bakin ƙofa, tun ɗazu ana ganin ƙafafunsa ta ƙasan labule. Ya shigo ya tsuguna kusa da ƙofa, hularsa a hannu, idonsa a kan tabarma.

Zakiyya ta dube shi, ta ga bai tambayi me ya faru ba. Nan ta gane.

"Hamma, ka sani?" in ji ta, da sunan da take sakaya nasa.

"Zakiyya, ki kwantar da hankalinki."

"Na ce ka sani?"

"An yi maganar."

"Yaushe?"

"Tun kina laulayi."

"Kana kawo min tsire da lemo, kana ce min in ci don abin cikina ya yi ƙwari, ashe kiwo kake yi wa Adda."

"Ki iya bakinki." Ya ɗan ɗago, ya sake sunkuyawa. "Adda ce ta riƙe ni. Ita ta yi min komai. Dangin mijinta sun sa ta a gaba da gori, aurenta na rawa. Ke yarinya ce, baɗi war haka kin sake wata."

"Akuya ce ni?"

"Ba wanda ya ce."

"Sunan wa za ta amsa a makaranta? Naka ko na Hammajoda?"

Nu'uman ya juya hularsa.

"In ta girma wa zai ɗaura mata aure? In ta tambaye ka, ce mata za ka yi kai kawunta ne?"

"Kawu ma uba ne," in ji Adda. "Kuma ke in kin yi hankali, duk shekara zan turo miki hotonta. Ki riƙa saƙa mata rigar sanyi, ta san tana da matar kawu mai aikin hannu."

"Zan je gida. Zan gaya wa Baffa," in ji Zakiyya. Haka take ce wa ubanta.

Adda ta ƙyalƙyale da dariya har tana dafa gwiwa.

"Nu'uman, gaya mata."

"Na je Ƙofar Wambai," in ji shi a hankali. "Na sami Baffa a zaure, na yi masa bayani."

"Me ya ce?"

"Ya juya min baya. Ya ce shi ba shi da 'ya a gidanmu, balle jika. Ya ce duk namu ne, in daina kawo masa zancenki."

Zakiyya ta rufe ido. Ita ma 'yar fari ce. Tun da take ba ta taɓa jin sunanta a bakin ubanta ba. Abin da ta faɗa ranar suna, shi ya faɗa a zaure, kalma ɗaya, kunya ɗaya.

"Bai gane ba ne," ta ce. "Ya zaci riƙo ne irin na kowa, bayan yaye. Ka gaya masa Gembu? Ka gaya masa an ce ita ta haifa?"

"Bai tambaya ba."

Yarinyar ta fara laluben nono. Zakiyya ta juya gefe za ta ba ta, Adda ta ce,

"Ki rage ba ta. Daga yau da rana bulunboti, don ta saba. Ban son ta yi min ta kuka a mota."

Zakiyya ta ba ta nonon.

"Ba zan bayar ba."

A hankali ta faɗa, amma kowa ya ji.

"Me kika ce?" in ji Dada.

"Ku yi haƙuri, Dada. Ku yanka ni in kuna so. Ba zan bayar ba. Ko gaban alƙali aka je, ba ya raba jinjiri da nono."

"Alƙali," in ji Dada, kamar tana ɗanɗana kalmar. "Nu'uman, a gidan ubanka yau an ambaci alƙali."

"Dada, zafin jego ne."

"A'a, bar ta," in ji Adda. Ta tattara ulun gefe da ƙafa, ta matso har gwiwarsu na haɗuwa. "Ni ba na zalunci. Kin ce ba ki bayar ba. To, 'yar wace ce?"

Zakiyya ta kawar da kai.

"Tambayarki nake. Wannan da ke jikinki, 'yar wace ce?"

"Kin sani."

"Ban sani ba. Tun da aka haife ta ban taɓa jin kin ce 'yata ba. Wannan, yarinyar, ita, haka kike cewa. Ko Ummi da muke ce mata ba ki taɓa faɗa ba. Ni kuwa na faɗa, Gembu kaf sun ji. In an je gaban alƙalin naki, ya ce ke baiwar Allah ya sunan 'yarki, me za ki ce? Wannan?"

"Tawa ce."

"Wa?"

"Ita."

"Ita wa? Akwai ita da yawa a duniya. Kira ta. Ba Ummi ba, sunan yanka, wanda liman ya faɗa aka yanka rago. Ki kira shi a nan da bakinki, ni kuma na rantse da Allah in kwashe uluna in fita, in hau mota ni kaɗai."

Nu'uman ya ɗago da sauri.

"Adda, wannan kuma..."

"Rufe min baki. Na ba ta hanya mai sauƙi. Uwa ce, in ji ta. Wace uwa ce ba ta san sunan 'yarta ba?"

Ga masu shigowa yau, ku gane inda tarkon yake. Sunan Dada aka sa wa yarinyar. Sunan da 'ya'yan Dada ba sa faɗa, jikoki ba sa faɗa, ko maƙwabciya mai irin sunan in ta shigo gidan sai a ce mata takwara. Balle suruka. Balle a gaban idonta.

Zakiyya ta dubi Dada. Tsohuwar carbinta take ja, idonta a kan bango.

Ta dubi Nu'uman. Ya girgiza mata kai kaɗan.

"Kin gani?" in ji Adda. "Ba za ki iya ba. Ɗauki kwarashinki. Ki fara da ruwan madarar, ki ja shi da faɗi yadda zai rufe har kanta, akwai hazo a hanya. Kuma ki yi shi da kyau, don shi kaɗai ne abin da za ta tafi da shi naki."

Ta ɗauki kwarashin ta cusa mata a hannu, ta naɗa mata zaren a yatsa kamar mai koya wa yaro.

Zakiyya ta dubi fuskar yarinyar. Ta saki nono, barci ya ɗauke ta, bakinta a buɗe, madara a gefen leɓe.

Ta ajiye kwarashin a ƙasa.

"Halimatussa'adiyya."

Ba ta ɗaga murya ba. Ta faɗe shi duka, ba ta yanke ko gaɓa ɗaya ba.

"Halimatussa'adiyya. 'Yata ce. Ni na haife ta."

Ba wanda ya motsa. A tsakar gida ana jin wata na daka, ita ma ta tsaya.

Sai Dada ta ce,

"Na'am."

Zakiyya ta ɗago.

"Na'am na ce. Kin kira ni, na amsa. Me kike so?"

"Dada, ba ke nake..."

"Akwai wata mai sunan a ɗakin nan da ta iya amsawa?"

"Adda ce ta ce in..."

"Da ta ce ki zage ni, sai ki zage ni?" Ta ajiye carbin a cinya. Muryarta ba ta tashi ba. "Uban yaran nan har ya koma ga Allah bai taɓa kirana da sunan nan ba. Iyayena da suka raɗa min sun daɗe a ƙasa. Na zaci sai ranar da za a yi min sallah za a sake kirana da shi. Ashe da raina zan ji, a gidana, a bakin yarinyar da nake tashi da asuba ina dafa wa ruwan wanka. Har sau biyu."

Zakiyya ta juya wajen Adda.

"Kin rantse."

"Na rantse, zan kuwa kwashe uluna in fita," in ji Adda tana tura dunƙulen cikin leda ɗaya bayan ɗaya, ba gaggawa. "Tsakanina da ke ya ƙare. Saura tsakaninki da mai sunan. Ni ban rantse a madadin Dada ba. In ita ta ɗauki jikarta ta aiko min, ai ba zan mayar da kyautar uwata ba."

"Nu'uman," in ji Dada.

"Na'am, Dada."

"Ka ji da kunnenka?"

"Na ji."

"To, abu biyu ne. Ko ta miƙo yarinyar yanzu ta sa min a cinya, in ce ɓatan bakin mai jego ne, in yafe, ta ci gaba da zamanta. Ko ka sallame ta a gabana, ta fita yadda ta shigo gidan nan, ita kaɗai da akwatinta. Mai kiran sunana gatsau ba za ta goyi mai sunana ba."

Zakiyya ta dubi ɗaya, ta dubi ɗaya.

"Ko wanne na ɗauka, an raba ni da ita ke nan."

"Yanzu kika fara ganewa," in ji Adda.

Nu'uman ya miƙe. Ya ajiye hularsa a kan akwati. Ya tako har gabanta ya durƙusa, ya miƙo hannu biyu. Gumi na bin gefen fuskarsa.

"Zakiyya, kawo ta."

Ta ƙara matse yarinyar.

"Don Allah kawo ta. Kar ki sa ni abin da ba na so. In komai ya lafa zan kai ki Gembu ki gan ta."

"A matsayin wa?"

"Kawo ta kawai."

Ta dafa bango ta miƙe tsaye, yarinyar a kafaɗa, zani ɗaya a jikinta, ko mayafi babu. Ta ja da baya ta nufi wajen ƙofa.

"Zakiyya, uwata ce ta yi magana. Ko ki kawo ta, ko in faɗi kalmar."

Ta dube shi ido cikin ido.

"Faɗi, Nu'uman. Ina jin ka."

Ta bayanta aka ji ƙarar sakata. Adda Fatu ta rufe ƙofa.